Ƙarfe ko Kankare: Yadda Za a Zaɓi Ƙashin Ginin Babban Sito ko Masana'anta

Duk wanda ya ƙudiri niyyar gina babban sito ko masana'anta yakan kai wata gaɓa da zai ga takardu uku ko huɗu a gabansa, kowace daga kamfani daban, kuma kowace tana nuna cewa ita ce mafita. Wani kamfani ya ce a yi da ƙarfe, shi zai yanka ya haɗa a ma'aikatarsa bisa zanen injiniya. Wani ya ce yana da gini shiryayye wanda za a kawo a kwantena, a ɗaure shi cikin 'yan makonni. Ɗan kwangilar da aka saba hulɗa da shi kuma ya dage cewa babu abin da ya kai kankare da rodi. Jimillar kuɗin da ke ƙasan kowace takarda ita ce ido ke fara sauka a kai, amma ita ce mafi ƙarancin amfani wajen yanke shawara, domin galibi ba abu ɗaya takardun suke yi wa farashi ba.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, zan ɗauki gini guda in riƙa aunawa da shi: sito mai faɗin mita 30 da tsawon mita 60, wato murabba'in mita 1,800, hawa ɗaya, wanda ake so motocin ɗaukar kaya su riƙa juyawa a cikinsa. Hanyoyin da za a kwatanta huɗu ne: ƙarfen da ake ƙerawa bisa zanen injiniyan mai gini, ginin ƙarfe shiryayye wanda 'yan kasuwarsa ke kira PEB, kankaren da ake zubawa a wurin aiki, da kankaren da ake zubawa a masana'anta a kawo shi gunduwa-gunduwa.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko shi ne faɗin filin da ake buƙata ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, kuma shi kaɗai yakan kawar da rabin zaɓin tun kafin a zo maganar kuɗi. Murabba'in mita ɗaya mai kaurin mita ɗaya na ƙarfe yana da nauyin kilo 7,850, na kankare mai rodi kuma kimanin kilo 2,400 zuwa 2,500, don haka mutum zai zaci ƙarfe ne ya fi nauyi a gini. Akasin haka ne, saboda ƙarfin ƙarfe ya ninka na kankare sau da yawa, ɗan kaɗan daga cikinsa ake buƙata. Bim, wato dogon sashen da ake kwantarwa a kan ginshiƙai ya ɗauki rufi ko bene, idan na kankare ne mai tsawon mita 30, yana kashe mafi yawan ƙarfinsa ne wajen ɗaukar nauyin kansa, alhali firam ɗin ƙarfe mai wannan faɗin abu ne na yau da kullum ga kowane kamfanin ƙira da ya san aikinsa.

Na biyu kuɗi ne, kuma kashi uku ne: abin da za a biya a gina, lokacin da za a biya shi, da abin da ginin zai riƙa ci kowace shekara bayan an tare. Na uku lokaci. Na huɗu ƙarko, wanda a nan yake nufin yadda ginin ke jure tsatsa da gobara. Na biyar sauƙin aiki, har da sauƙin faɗaɗa ginin ko sauya masa amfani nan gaba. Na ƙarshe, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne haɗari: a wace gaɓa ce wannan hanyar ta saba samun matsala, shin ana iya ganin matsalar kafin ta yi ɓarna, kuma wa zai amsa tambaya idan ta faru?

Ƙarfen da ake ƙerawa bisa zane

A wannan tsari mai gini yana ɗaukar injiniyansa, injiniyan ya yi lissafi ya fitar da zane, sannan a ba kamfanin ƙira aikin sayen ƙarfe, yankawa, hudawa, walda, fenti da ɗaurawa. Ƙarafan da ake amfani da su suna da daraja sananniya, kamar S275 da S355 a tsarin Turai, ko A36 da A992 a tsarin Amurka, kuma lambar da ke cikin sunan na Turai tana nuna iyakar nauyin da ƙarfen ke ɗauka kafin ya fara lanƙwashewa ba tare da ya koma daidai ba.

Ana yin farashin wannan aiki ne da tan, kuma a nan ne ake yawan ruɗar mai gini. A ce kamfani ɗaya ya lissafa kilo 28 a kan kowace murabba'in mita ta sitonmu, wani kuma ya lissafa kilo 38. Na farko tan 50.4 ke nan, na biyu tan 68.4, bambancin tan 18. Ko dai na farko ya fi gwaninta, ko ya bar wasu abubuwa a waje, ko kuma ya rage kaurin ƙarfe; takardar farashi ba za ta faɗa ba, sai an nemi kowanne ya kawo jerin ƙarafansa da kaurinsu, injiniya ya duba. Akwai kuma wani abin lura, wato firam mafi sauƙin nauyi ba lallai ya zama mafi araha ba, domin idan aka siranta ƙarfe sai an ƙara masa faifai da walda a wurare da dama, kuma walda aikin hannu ne mai cin lokaci da albashi.

Ta fuskar lokaci, fa'idar ita ce ayyuka biyu suna tafiya tare: ana tonon harsashi ana zuba shi a wurin gini, ana kuma yanka ƙarfe a ma'aikata. Wannan ba sabon abu ba ne. Ginin Empire State na birnin New York, mai hawa 102, an buɗe shi a 1931 bayan kwana 410 kacal ana aiki, kuma abin da ya ba da damar hakan shi ne ƙarafan suna isowa a yanke, a hude, kowanne da lambarsa.

Sai dai tafiyar ayyuka biyu a wurare biyu tana da nata tarko. Na taɓa tsayawa a wani aiki ranar da aka zo ɗora ginshiƙi na farko. Injin ɗaga kaya ya sauke shi a hankali, ma'aikata biyu suna riƙe da gindinsa, sai aka ga ramukan faifan da ke ƙarƙashinsa ba su hau kan kusoshin da aka binne a harsashi ba. Sun kauce da kusan milimita 30. Kafin injiniya ya ƙaraso, wani mai walda har ya kunna wutar yanka zai faɗaɗa ramukan. Da aka bi diddigi, masu zuba kankare da tsohon zane suka yi aiki, kamfanin ƙira kuma da sabo. Sai da aka yi mako biyu ana gyara, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya laifi, kuma kuɗin hayar injin yana ta hawa. Maganin wannan abu mai sauƙi ne: kamfanin ƙira ya aiko da allon awo na kusoshin tun kafin a zuba harsashi, a kuma sake aunawa bayan kankaren ya kama, kafin motar ƙarfe ta taso.

Babban abokin gaban ƙarfe tsatsa ce, amma tsatsa abu ne da ake iya lissafa shi tun daga farko. Ƙa'idar ISO 12944 ta kasa muhalli daga C1, wato cikin ɗaki busasshe, zuwa C5 da CX, wato bakin teku da masana'antu masu hayaƙin sinadarai, kuma kowane mataki yana da irin fentin da ya dace da shi. Abin da ke sa fenti ya daɗe ba sunan kamfanin da ya yi shi ba ne, yadda aka tsabtace fuskar ƙarfen ne kafin a shafa. Idan ba a yi masa feshin yashi ko ƙwayoyin ƙarfe har ya kai matakin tsabta da ake kira Sa 2½ ba, fentin zai ɓare komai tsadarsa. Hanya ta biyu ita ce tsoma ƙarfen cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450. Ga ƙarfen da kaurinsa ya wuce milimita 6, ƙa'idar ISO 1461 tana neman rufin tutiya mai matsakaicin kaurin maikiron 85 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). A muhallin C3, wato matsakaicin mataki, tutiya ba ta cinyewa fiye da maikiron 2.1 a shekara, wato za a iya shekara 40 ba a taɓa shi ba. A C5 kuma, inda take iya cinyewa har maikiron 8.4, shekara 10 ce kawai ke da tabbas. Hasumiyar Eiffel ta birnin Paris tana tsaye tun 1889, amma kusan duk bayan shekara bakwai sai an shafe ta da fenti kimanin tan 60. Duk wanda ya zaɓi ƙarfe ya sa kuɗin fenti a cikin lissafin shekarunsa.

Gobara ce wurin da ƙarfe ke da rauni na gaske. Ba ya ci da wuta, kuma ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,400, amma tun a wajen digiri 550 zuwa 600 ya riga ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. A gwajin gobara na ƙa'idar ISO 834, zafin ɗaki yana wuce digiri 550 cikin minti biyar, ya kai digiri 842 a rabin awa. Ana kare ƙarfe da fenti mai kumbura idan ya ji wuta, ko da allunan da ba sa ƙonewa, ko a lulluɓe ginshiƙan da kankare, kuma wannan kuɗi ne da yawancin takardun farashi ba sa ambata sai an tambaya.

Haɗarin wannan hanya yana taruwa ne a mahaɗa, inda ƙarfe ya gamu da ƙarfe. A ranar 17 ga Yuli 1981, gadojin tafiya biyu da ke rataye a cikin otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City a Amurka suka rufto, mutum 114 suka rasu. Dalilin ba ƙarancin ƙarfe ba ne. A zanen asali sanda guda ce doguwa za ta riƙe gadojin biyu, amma a lokacin ƙira aka mayar da ita sanduna biyu domin sauƙin aiki, hakan ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama, kuma babu wanda ya sake lissafi. Darasin da mai gini zai ɗauka shi ne ya rubuta a kwangila cewa kowane sauyi da kamfanin ƙira zai yi sai injiniya ya duba ya sa hannu, ya kuma nemi takardar shaidar ƙarfe daga masana'antar da ta narka shi, takardun cancantar masu walda, da sakamakon gwajin walda da na'urar sauti a manyan mahaɗai.

Ginin ƙarfe shiryayye

A nan kamfani ɗaya ne ke yin komai: lissafi, zane, ƙira, kwanon rufi da na bango, har kusoshi. Maimakon ya sayi bim mai kauri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, yana yanka faifan ƙarfe ya haɗa nasa bim ɗin, mai faɗi a inda nauyi ya taru, siriri a inda babu nauyi. Shi ya sa ginshiƙan irin wannan gini suke da kai mai faɗi da gindi tsukakke. Sakamakon haka ƙarfen da ake sa wa yana raguwa, kuma ga sito mai kusurwa huɗu irin namu, da wuya wata hanya ta kai shi araha ko sauri. Yawanci babu walda a wurin gini, da kusoshi da noti ake ɗaure komai.

Fa'ida ta biyu, wadda ba a cika yabawa ba, ita ce wuyan mutum ɗaya alhakin ya rataya. Idan rufi ya yi yoyo ko bim ya lanƙwashe, babu zancen injiniya ya ce laifin maƙeri ne, maƙeri ya ce laifin injiniya ne.

Amma arahar tana da sharaɗi. An lissafa ginin ne daidai da nauyin da aka faɗa wa kamfanin, ba a bar rara mai yawa ba. Idan bayan shekara uku aka so ɗora faifan hasken rana a rufi, ko rataya bututun ruwan kashe gobara, ko sa injin ɗaga kaya mai tafiya a kan layi a sama, sai a tarar ginin bai da ƙarfin ɗaukar su, kuma ƙarfafa siririn bim da aka haɗa da faifai ya fi wahala fiye da ƙarfafa bim na yau da kullum. Tun ran gini tun ran zane: duk abin da ake tunanin za a rataya ko a ɗora nan da shekara goma, a faɗe shi a rubuce kafin a karɓi farashi. Haka nan a tabbatar da ƙarfin iskar da aka yi lissafi da shi ya dace da wurin da za a kafa ginin, domin gini mara nauyi iska tana ƙoƙarin ɗaga shi sama ne, ba danne shi ƙasa ba, kuma harsashinsa dole ya zama mai iya riƙe shi.

Akwai kuma batun kaurin ƙananan ƙarafan da ake kwantar da kwano a kansu. Galibi ba su wuce milimita 1.5 zuwa 3 ba, don haka tsatsar da babban bim zai jure shekaru tana iya cinye su da wuri idan rufin tutiyarsu bai kai ba. Abin awon kauri ɗan ƙarami ne, yana shiga aljihu. A auna kaya tun suna kan mota, kafin a sauke.

Ta fuskar biyan kuɗi, wannan hanya ce ta fi neman kafin alƙalami mai tsoka, kuma sau da yawa ana son cikon kuɗi kafin kaya su bar masana'anta. Idan daga wata ƙasa ake kawo su, an ƙara haɗarin canjin kuɗi, harajin fito da jinkirin jiragen ruwa. A watan Maris na 2021 jirgin ruwan Ever Given ya toshe mashigin Suez na tsawon kwana shida, kuma daga ƙarshen 2023 jirage da yawa suka koma zagayawa ta kudancin Afirka saboda hare-hare a Bahar Maliya. Kwantena mafi tsawo da aka saba amfani da ita ba ta wuce mita 12 da ɗan abu ba, don haka bim ɗin mita 30 zai zo ne a gutsure, mahaɗai su ƙaru. Idan guda ɗaya ya ɓata a hanya ko ya zo a karkace, aikin na iya tsayawa cak har sai an aiko da wani.

Kankaren da ake zubawa a wurin aiki

Wannan ita ce hanyar da ta fi yawan masu iya ta, kuma kayanta, wato siminti, yashi, tsakuwa da rodi, sun fi sauƙin samu a kusa. Tana da wata fa'ida ta kuɗi da sauran ba su da ita: ana iya biya kashi-kashi gwargwadon yadda aiki ke tafiya. Ga gini mai hawa da yawa, ko wanda ginshiƙansa ba su wuce tazarar mita 6 zuwa 9 ba, ko wanda zai ɗauki injuna masu jijjiga, kankare yana da wuyar dokewa. Yana jure gobara da kansa ba tare da wani ƙarin fenti ba, muddin kaurin kankaren da ya lulluɓe rodin ya kai yadda aka tsara.

Jinkirinsa sananne ne. Sai an kafa katako, an ɗaure rodi, an zuba, an shayar da shi ruwa kwanaki, sannan a jira. A kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, kuma a kwana 7 bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na hakan ba. Kowane hawa yana jiran na ƙasansa.

Mutane suna ɗaukar kankare a matsayin abin da ba ya lalacewa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: kubbar Pantheon ta birnin Rum, mai faɗin mita 43, ta kusa shekara 1,900 a tsaye. Sai dai ita ba ta da rodi a cikinta. A ginin zamani rodin ne wurin rauni. Sabon kankare yana kare shi daga tsatsa, amma iskar da ke shiga a hankali da gishirin da ruwa ke ɗaukowa suna karya wannan kariyar, kuma tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi sau da yawa, sai ta tsaga kankaren daga ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar tsagar ta buɗe, ruwa ya samu hanya, lalacewar ta ƙara sauri.

Abin da ya fi damuna game da wannan hanya shi ne ha'incinta ɓoyayye ne. Waldar banza ana iya ganinta, a gwada ta, a sake ta. Amma idan an rage rodi, ko an ƙara ruwa domin kwaɓin ya yi saurin zuba, ko ba a girgiza shi ya zauna ba, da zarar an cire katako an yi filasta shi ke nan, babu mai gani. Dole ne a samu mai sa ido na mai gini a wurin duk ranar zubi, a duba rodi kafin a rufe shi, a kuma ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji. Kuma ƙarfin da ake gani da ido yana yaudarar masu gini su ƙara hawa ba tare da lissafi ba. Ginin Rana Plaza da ya rufta kusa da Dhaka a Bangladesh a watan Afrilun 2013, inda mutum 1,134 suka rasu, an ƙara masa benaye ba bisa izini ba, aka kuma ɗora masa manyan janaretoci da injunan ɗinki.

Ga sitonmu mai faɗin mita 30, kankaren wurin aiki zalla ba zai yi ba sai an jera ginshiƙai a tsakiya. Abin da aka fi yi shi ne gauraye: ginshiƙai da bango na kankare, rufi na ƙarfe.

Kankaren masana'anta

Wannan yana haɗa juriyar kankare ga wuta da saurin ɗaurin ƙarfe, kuma ingancinsa ya fi na zubin wurin aiki domin a ƙarƙashin kulawa ake yin sa. Idan an ja wayoyin ƙarfe a cikinsa kafin a zuba, bim ɗinsa yana iya ketare mita 20 zuwa 30. Matsalarsa nauyi ce: yana buƙatar manyan motoci, hanya mai kyau da babban injin ɗagawa, don haka idan masana'antar tana da nisa, kuɗin dako ya cinye ribar. Shi ma a mahaɗa yake faɗuwa. A girgizar ƙasar da ta auku a yankin Emilia na Italiya a watan Mayun 2012, rufin masana'antu da dama ya rufto saboda an ɗora bim ne kawai a kan ginshiƙi ba tare da an ɗaure su da juna ba.

| Ma'auni | Ƙarfe bisa zane | Ƙarfe shiryayye | Kankaren wurin aiki | Kankaren masana'anta |
|---|---|---|---|---|
| Faɗi ba ginshiƙi | Babba, kowace siffa | Babba, siffa mai sauƙi | Ƙarami | Matsakaici zuwa babba |
| Kuɗin farko a sito mai faɗi | Matsakaici zuwa mai yawa | Mafi sauƙi galibi | Mai yawa idan faɗi ya ƙaru | Ya danganta da nisan dako |
| Tsarin biya | Kafin alƙalami, sannan kashi-kashi | Mafi yawa tun farko | Kashi-kashi | Kaso mai yawa tun farko |
| Sauri | Mai sauri | Mafi sauri idan kaya sun iso | Mai jinkiri | Mai sauri |
| Gobara | Sai an kare shi | Sai an kare shi | Yana jurewa | Yana jurewa |
| Kulawa | Fenti lokaci-lokaci | Fenti da duba siraran ƙarafa | Gyaran tsaga | Duba mahaɗai |
| Sauyi daga baya | Mafi sauƙi | Tsawaitawa kawai | Mai wahala | Mai wahala |
| Inda haɗari yake | Walda da mahaɗai | Rashin rara, jinkirin kaya | Ha'incin da ba a gani | Mahaɗai da ɗagawa |

Abin da labaran kamfani ke faɗa da abin da ba sa faɗa

Bayan an zaɓi hanya, saura zaɓen kamfani, kuma abin da mai gini ya fi samu a hannu shi ne sanarwar da kamfanonin ke fitarwa: mun samu sabuwar kwangila, mun kammala kaza, mun sayo sabon injin yanka, muna sa ran shekara mai albarka. Akwai amfani a cikinsu idan an san yadda ake karanta su. Labarin aikin da aka kammala ya fi labarin aikin da aka samu daraja nesa ba kusa ba, domin ana iya zuwa a gani, a tambayi mai ginin ko an cika alkawarin lokaci. Yawan kwangilolin da ke hannu kuma takobi ne mai kaifi biyu. Idan kamfani yana iya ƙera tan 300 a wata, ya kuma sanar da ayyukan tan 3,000, to aikin tan 60 zai shiga layi ne a bayan watanni goma na manyan abokan ciniki, ko kuma a miƙa shi ga wata ƙaramar ma'aikata da mai gini bai taɓa gani ba.

Tarin kwangila kuma ba shaidar lafiyar aljihu ba ce. Kamfanin Carillion, na biyu a girma cikin kamfanonin gine-ginen Birtaniya a lokacinsa, ya samu kwangilar layin dogo na HS2 a watan Yulin 2017, mako guda bayan ya sanar da babbar asara, sannan ya durƙushe a watan Janairun 2018, ya bar manyan asibitoci biyu ba a kammala ba. Saboda haka kada a biya kafin alƙalami sai da takardar lamuni daga banki, a kuma rubuta cewa ƙarfen da aka biya kuɗinsa mallakar mai gini ne ko da yana ma'aikatar kamfanin, a sa masa alama.

Hasashen kasuwa da kamfani ke yi yana da alaƙa kai-tsaye da farashin da zai bayar. Duniya tana samar da ƙarfe kusan tan biliyan 1.9 a shekara, fiye da rabi daga ƙasar Sin, don haka abin da ya faru da gine-gine a can yana taɓa farashi a ko'ina. Tsakanin tsakiyar 2020 da watan Satumban 2021 farashin faifan ƙarfe a Amurka ya ninka fiye da sau uku, kuma kamfanonin da suka sa hannu a kan tsayayyen farashi ba tare da sun sayi kaya ba sun sha wuya, masu ginin da suka dogara da su ma haka. A tambayi kamfani kwana nawa farashinsa zai tsaya, ko ƙarfen yana ajiye a hannunsa, da yadda za a raba ƙari ko ragi idan kasuwa ta motsa.

Wace hanya ta dace da wa

Mai son sito ko zauren ajiya mai kusurwa huɗu, hawa ɗaya, wanda ya san abin da zai ajiye a ciki kuma yana da kuɗinsa a hannu, ginin ƙarfe shiryayye ne ya fi dacewa da shi, da sharaɗin ya ɗauki injiniya mai zaman kansa ya duba lissafin kamfanin, ya kuma nemi a bar masa rarar nauyi a rufi.

Mai gina masana'anta wadda za a sa wa injin ɗaga kaya a sama, ko bene na ciki, ko wadda ake sa ran za a riƙa sauya jerin injunanta, ya ɗauki ƙarfe bisa zane ko da ya fi tsada da farko, domin shi ne ake iya hudawa, a ƙara masa, a cire masa, kuma kowane kamfanin ƙira mai ƙwarewa zai iya taɓa shi daga baya ba sai wanda ya yi shi ba.

Wanda zai ajiye kaya masu saurin kama wuta, ko taki da gishiri da sinadaran da ke cin ƙarfe, ko wanda gininsa ke dab da teku, ya karkata ga kankare a ginshiƙai da bango; idan faɗin ya tilasta rufin ƙarfe, a tsoma shi a tutiya a kuma ɗora fenti a kai. Ginin ofis ko shaguna mai hawa uku ko huɗu da ɗakuna matsakaita, musamman idan kuɗin yana shigowa ne kaɗan-kaɗan, kankaren wurin aiki ne nasa, tare da mai sa ido da ba ya karɓar albashi daga ɗan kwangila. Kankaren masana'anta kuwa na wanda ke da gini mai sassa iri ɗaya masu maimaituwa ne, kamar wurin ajiye motoci mai benaye, kuma masana'antar tana kusa, hanyar da ke tsakani tana iya ɗaukar tirela mai bim ɗin mita 20.